Makron da Na Rubuta wa Ƙanena

Sharfaddeen ƙanena ne, shekara huɗu na ba shi. A gida Sharfa muke ce masa. An haife shi a Zongon Lome, a gidan da mahaifinmu ya gina bayan ya gaji da koro shanu daga arewa zuwa bakin teku. Mu huɗu Mma ta haifa. Biyu sun rasu tun ba su yi wayo ba, kuma ciwo ɗaya ne ya ɗauke su, wato sikila. Ranar da yatsun Sharfa suka kumbura yana ɗan wata takwas, yana ta tsala ihu, Mma ba ta jira likita ya gaya mata ba. Ta riga ta san abin.

Haka ya tashi, kullum ana hana shi wani abu. Kada ya buga ƙwallo, kada ruwan sama ya taɓa shi, kada ya yi azumi, kada ya bi yara bakin teku. A garin da teku yake kwance a gefen titi, Sharfa bai taɓa tsoma ƙafarsa a ciki ba. Makaranta ma bai kai ga gama kwaleji ba, don rabin kowace shekara a gadon asibiti yake yin ta. Siriri ne, gajere, idanunsa rawaya-rawaya, ga shi da barkwanci. Yana iya sa Mma dariya tana tsakiyar yi masa faɗa. Abin da ya tsana a duniya shi ne mata su shigo gidanmu, su karkatar da kai, su ce, "Sannu Sharfa, ya jiki?" Yakan amsa da ladabi, in sun fita ya kwaikwayi muryarsu ɗaya bayan ɗaya.

Yana da shekara goma sha tara aka buɗe wani siber kusa da kasuwar Agoè-Assiyéyé, irin shagon nan da ake zama a hau intanet. A nan ya koyi kwamfuta, ba wanda ya koya masa. Daga baya ya samu tasa ta gwanjo, ya ajiye ta a ɗakin zaure, ya kama sana'ar tsara katin gayyata: na aure, na suna, na saukar karatu. Kusan duk wanda ya yi biki a layinmu a shekarun nan, Sharfa ne ya tsara masa kati. Yana da tsantseni a kan sunaye. In aka kawo masa suna a rubuce, sai ya kira mai shi ya tambaya ko da harafin Faransanci yake so ko da na Hausa.

A siber ɗin nan kuma ya haɗu da wasan. Wasa ne na intanet da mutum biyar suke haɗuwa su shiga kogo su yaƙi dodanni, kowa da aikinsa. Aikin Sharfa shi ne magani: yana tsaye a baya, duk wanda aka ji wa rauni ya ɗaga shi kafin ya faɗi. Ranar da zai yi rajista aka ce ya zaɓi suna, yana cin soyayyen wagashi, cukun nan na nonon shanu, a lokacin, sai ya rubuta Wagashi. Abokan wasansa suka gajarta shi zuwa Waga. Su huɗu ne: wasu 'yan'uwa biyu a Abidjan, wata nas a Kasabalanka, da shugabansu Bertrand, wani dattijo Bafaranshe da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Kowace Laraba da Asabar bayan la'asar suke haɗuwa. Daga tsakar gida muna jiyo Sharfa yana ba da umarni da Faransanci, da wata kakkarfar murya da ba mu san shi da ita ba: "Koma baya, Bertrand! Na ce ka koma baya!"

Bai taɓa gaya musu yana da ciwo ba. In ciwon ya kwantar da shi mako biyu, da ya dawo sai ya ce musu wuta aka ɗauke. Har abin ya zama abin tsokana a tsakaninsu, suna cewa za su haɗu su aiko masa da janareta.

Ni sunana Mounira. Aikina buga takardu a wani shago a unguwar Amoutivé: wasiƙun neman aiki, yarjejeniyar haya, takardun ɗalibai. Irin wannan aikin maimaici ya yi masa yawa, shi ya sa na koyi rubuta makro. Makro ɗan jerin umarni ne da kake rubuta wa kwamfuta, ka danna maɓalli ɗaya, ita kuma ta danna goma a madadinka. Da shi nake buga doguwar gaisuwar wasiƙar ofis da yatsa guda. Iyakar ilimina ke nan, ban taɓa zaton zai shiga rayuwar ƙanena ba.

Bayan ƙaramar salla ta 2021, wata safiya Sharfa yana shan koko, kofin ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya bi shi ƙasa. Likita ya ce jini ne ya toshe a kansa. Ya tashi bayan kwana goma sha shida, bakinsa ya dawo daidai, ƙafar hagu tana ja, hannun hagu kuwa ya tafi ke nan. Yana nan a jikinsa, a lanƙwashe, ba ya ɗaukar ko cokali.

Katin gayyata ya ci gaba da yi da hannu ɗaya, a hankali. Wasan ne ya gagara, domin a wasan hannun dama yana kan maus, na hagu yana kan kibod, kuma mai magani yakan danna maɓalli uku ko huɗu a jere cikin ƙiftawar ido. Ya rubuta wa su Bertrand cewa kwamfutarsa ta ƙone. Laraba da Asabar in la'asar ta yi, sai ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

Wata Asabar na shiga na same shi haka, na ce, "Sharfa, nuna mini abin da hannun nan yake yi a da."

Ya ce, "Yaya, bar shi kawai."

"Nuna mini dai."

Ya nuna mini da yatsun dama, ni kuma ina rubutawa a bayan wani tsohon kati. Jeri goma sha biyu ne. Na sayo maus mai maɓallai a gefe, na ɗora wa kowane maɓalli jeri guda. Suka rage huɗu da babu inda zan sa su. Sai na je wurin Malam Jumare, wani dattijo mai gyaran rediyo da kwamfuta a bakin kasuwa, abokin marigayi babanmu. Ya saurare ni har na gama, ya shiga cikin tarkacensa ya fito da fedar keken ɗinki na lantarki. Kwana uku ya yi yana haɗa ta da waya. Ƙafar Sharfa ta dama lafiyarta ƙalau, ita ta karɓi sauran aikin.

Ranar da ya koma wasan, Mma ta bar tuwo a kan wuta ta zo ta tsaya a ƙofar zaure. Muka ji Bertrand ta lasifika yana ihu, "Waga ya dawo! Waga ya dawo!" Sharfa yana taka feda kamar tela ana gobe salla, gumi yana zubo masa. Da suka gama ya juyo ya ce, "Mma, akwai sauran wake da shinkafa?" Rabonsa da neman abinci da bakinsa tun kafin ya faɗi.

Wata bakwai muka yi a haka. Ya yi ƙiba kaɗan. Har masallacin Juma'a ya koma zuwa da sandarsa.

Sai kamfanin wasan ya kawo sabuwar manhajar hana maguɗi. Masu cuta sun yi yawa, mutane suna barin kwamfuta tana yi musu wasa suna kwance, don haka aka sa mai gadi da yake duba duk abin da ke aiki a cikin na'urar mutum. Sharfa ya raɗa masa suna Jandarma. Da zarar Jandarma ya ga manhajar makrona a buɗe, sai wasan ya ƙi tashi. Na canza mata suna, ya gane ta. Na nemo wata, ita ma ya gane ta. Shi bai san bambancin mai hannu ɗaya da mai son banza ba.

Na ce mu rubuta wa kamfanin. Sharfa ya yarda, da sharaɗin abokansa ba za su ji ba. Na zauna na tsara wasiƙa da Faransancin da ya fi kowane kyau a cikin abin da na iya, na haɗa da takardar likita da hoton fedar. Amsa ta zo cikin minti ɗaya, ta na'ura ce, tana godiya. Na sake rubutawa. Bayan mako uku wani mutum ya amsa, ya ce ya tausaya, ya tura maganar gaba, amma a yanzu doka ɗaya ce ga kowa: duk abin da zai danna maɓalli fiye da ɗaya a madadin ɗan wasa haramun ne.

Sharfa ya ce, "To, mu jira. Tunda ya ce ya tura gaba."

Ya gwada yi da hannu ɗaya, yana tsalle daga maus zuwa kibod. Asabar biyu a jere duk ƙungiyar ta faɗi saboda shi. Ba wanda ya zage shi. Nas ɗin nan ta Kasabalanka ce ta ce, cikin lallashi, ko zai huta kwana biyu su nemi wani ya riƙe masa wurin. Ya ce babu komai, dama aiki ya yi masa yawa. Ya kashe kwamfutar. Abinci ya koma sai Mma ta yi da gaske. Kati uku aka zo aka karɓe ba a gama ba.

Na koma wurin Malam Jumare na gaya masa. Ya ɗauko wani ɗan ƙaramin allon lantarki ya nuna mini, ya ce, "Akwai hanya. In aka zuba umarnin a cikin wannan, aka ɓoye shi a cikin fedar, kwamfutar za ta ɗauka kibod ne kawai. Babu manhajar da za a gani." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Amma Mounira, wannan ba irin na farko ba ne. Na farko ba a hana ba. Wannan an hana, kuma kin san an hana. In suka gane, ba za su tambayi dalili ba. Shi yaron ya sani?"

Na ce, "Ya sani, Baba."

Ƙarya na yi masa. Da na kai fedar gida kuma na yi ta biyu. Na ce wa Sharfa kamfanin ya sake rubutowa, sun ce in dai na'ura ce ta nakasassu ba manhaja ba, sun yarda. Ya ce in nuna masa wasiƙar. Na ce tana kwamfutar shago. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe akwai mutane a can." Bai sake tambaya ba, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Kwana ashirin da uku ta yi aiki. Na ji muryar nan tasa ta dawo tsakar gida, na ce wa kaina ai na yi daidai.

Ran Laraba na dawo daga aiki wajen ƙarfe biyar, na tarar da zauren shiru. Yana zaune, hannunsa na dama a kan cinya. A fuskar kwamfutar akwai wani jan akwati da rubutu a ciki: an rufe wannan asusu har abada saboda amfani da haramtacciyar na'ura, babu ɗaukaka ƙara. Daga baya Malam Jumare ya ce mai yiwuwa saurin dannawar ne ya tona, don ɗan Adam ba ya danna abu sau dubu ba tare da ya saɓa ko sau ɗaya ba. Shekara goma sha ɗaya na wasansa, da duk abin da ya tara a ciki, da sunan Wagashi, sun tafi. An kuma sa sunan a jerin masu maguɗi da kowa yake iya gani.

Bai juyo ba ya ce, "Yaya, kawo wasiƙar nan da suka ce sun yarda. Kuskure suka yi, sai mu tura musu."

Na tsaya riƙe da jakata.

Sai ya juyo. Ya ce, "Babu wasiƙar."

Na ce, "Babu."

Na zaci zai yi ihu, na ma fi son ya yi. Sai ya ce a hankali, "Da kin gaya mini gaskiya, wataƙila da na ce a yi. Wataƙila da na ce a bari. Amma da ni na faɗa." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Tun ina yaro kowa yake yanke mini abin da zan iya ɗauka. Ke kaɗai ce ba kya yi."

Na durƙusa a gaban ƙanena ina kuka, ina ba shi haƙuri. Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Bertrand ne ya rubuto: "Waga, gaya mini ba gaskiya ba ne."

Na ce, "Ba ni wayar. Ni zan gaya masa komai. In tura masa takardar likita, in ɗauki hoton hannunka, in ce ni na yi, ba ka sani ba. Wallahi za su fahimta."

Ya ja wayar ya ɗora a cinyarsa. "Na san za su fahimta. Shi ne abin da ba na so."

"Sharfa, za su ce kai macuci ne!"

"Su ce. Yaya, shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa ce mini sannu a can. In na yi kuskure zagina suke yi, in na yi daidai su ce Waga ya cece mu. Kina so yanzu su zauna su tuna duk ranar da suka yi mini tsawa, su ce ashe mara lafiya ne? Bar mini su yadda suke."

Da babban yatsansa ya rubuta amsar, ina kallo: "Gaskiya ne, na yi amfani da na'ura. Ku yafe mini. Ku nemi wani mai magani." Ya fita daga zauren hirarsu. Ya ce in cire fedar in mayar wa Malam Jumare, in kuma gaya masa gaskiyar abin da na yi. Na je na gaya masa. Dattijon ya karɓa ya jefa ta cikin kwali.

Kusan wata guda Sharfa ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Ranar da ya sauko, ba wani zama muka yi ba. Ina wucewa ta zaure ya ce, "Yaya, zo ki duba mini, Meimuna da i ake rubutawa ko da y?" Na duba masa. Ya ce in zauna, na zauna, muka gama katin tare. Daga nan muka koma kamar da, ko kusa da haka. Na ce ya buɗe sabon asusu da wani suna, ya ce a'a, wanda aka kora ta ƙofa ba ya dawowa ta taga, kuma ko ya dawo da wane hannun. Ya gwada wasu wasannin da ake yi da maus kaɗai, na kati da na dara, bai daɗe a kansu ba. Ya riƙe sana'arsa. Da yamma yakan sa a fitar masa da kujera ƙofar gida ya yi ta tsokanar masu wucewa. Mutanen layi suna cewa Sharfa ya warware, ya daina kulle kansa da kwamfuta. Ni da Mma muka bar su a haka.

Ya yi shekara ɗaya da wata ɗaya bayan haka. A damina ta 2023 ciwon ya kama shi a ƙirji. Kwana huɗu muka yi a asibiti. A rana ta uku, da numfashinsa ya ɗan daidaita, na sake ce masa ya yafe mini. Ya ce, "Haba Yaya, har yanzu? Wata bakwai ɗin nan wa ya ba ni su?" Washegari da hantsi ya cika, Mma tana riƙe da hannunsa. Shekararsa talatin da biyu. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan sadakar bakwai na kunna wayarsa don in sanar da masu kati. A nan na ga Bertrand bai daina rubuto masa ba. Duk bayan wata ɗaya ko biyu sai ya aiko da layi guda: yana tambayar ko lafiya, ko yana cewa sabon mai maganinsu ba ya jin magana. Sharfa yana buɗewa, ba ya amsawa. Na ƙarshe ya zo kwana biyu bayan an binne shi.

Na kai wa Mma wayar na fassara mata, na ce ina so in gaya wa mutumin nan komai. Ta ce, "Me shi ya ce miki?"

"Ya ce kada in faɗa."

"To."

Na rubuta: "Ni yayar Waga ce. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, bayan gajeriyar rashin lafiya. Yana yawan ambatonku." Ban ƙara komai ba.

Bayan kwana biyu saƙon murya ya shigo, su huɗu a ciki, kowa ya yi magana. 'Yan Abidjan suka yi addu'a, nas ɗin ta karanta Fatiha tana kuka. Bertrand ne na ƙarshe. Ya ce bai san sunansa na gaskiya ba, yana roƙon in rubuta masa. Ya ce bai taɓa gane dalilin da ya sa Waga ya yi abin da ya yi ba, mutumin da ya fi su duka iyawa, kuma ya ji haushinsa ƙwarai, amma da ya san kwanansa ya kusa ƙarewa da bai tsaya jin haushi ba.

Mma ta sa na maimaita mata sau biyu. Ta tambaye ni shekarun dattijon, na ce ya haura saba'in. Ta ce in rubuta masa sunan daidai, da sunan babansu, in kuma ce masa mahaifiyar Sharfaddeen ta gode da zaman da ya yi da ɗanta. Na rubuta, na tura, sannan na tashi na ɗora ruwan shayi, don wasu mata daga unguwar Adawlato sun shigo gaisuwa.